Muryar Suruki a Bakin Taga

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa cin abinci a gaban mahaifina ba. Ko ruwa ba ta kurɓa in yana kusa. Haka na tashi na tarar, kamar yadda na tarar da bishiyar dogon yaron ƙofar gidanmu a garin Isa, kuma ban taɓa tambayar kowa dalili ba, don ba abin tambaya ba ne. Bafulatana ce, haifaffiyar wata ruga a bayan Tozai. Shi kuwa malami ne ɗan malamai, wanda ya auri 'yarta ɗaya tilo. Mahaifiyata ta rasu ina budurwa, na yi aure, na haihu, amma surukutar nan tana nan daram, ko tsagewa ba ta yi ba.

Da daji ya ƙi zaunuwa, shanu suka ƙare ta hanyar da kowa ya sani, Baba ya aika mota aka ɗauko ta da 'yan ƙorenta, ya ba ta ɗakin mahaifiyata. Gida ɗaya suke kwana, amma in ka ga yadda suke kauce wa juna sai ka rantse an ja musu iyaka da igiya. In zai shigo cikin gida tun daga zaure yake gyaran murya, ita kuma ta ja mayafi ta shige ɗaki. Inna yake ce mata, shi ma ta bakin wani. Ita kuwa ban taɓa jin ta kira shi da komai ba, sai dai ta ce «mai karatu». Ni jika ce, babu ruwana da wannan wahala. Tsohuwa nake ce mata, ita ta ce mini ja'ira, muna ci a ƙwarya ɗaya muna faɗa a kan loma.

A wata bazara ƙafafunta suka kumbura. Da fari ta ce zama ne, ƙafar da ta saba bin shanu an ɗaure ta a ɗaki dole ta yi fushi. Sai kumburin ya hau har gwiwa, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi gyangyaɗi a zaune, numfashi sama-sama. Ranar da na zo daga gidana na tarar ba ta iya haɗa kalma biyu ba tare da ta huta ba, ban nemi shawarar kowa ba, na tsayar da mai Keke Napep. Tana ta zagina a hanya, wai na mayar da ita kayan kasuwa, ni kuwa zagin ma daɗi yake mini, don alama ce da sauranta.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi muka kai ta, a ƙarshen gari, wanda tagoginsa ke kallon fadama. Likitan ɗan ƙasarmu ne, kullum da alamar barci bai ishe shi ba. Ya saurari ƙirjinta, ya ce zuciya ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Sannan ya huda mata yatsa da 'yar allura, ya ɗiga jinin a wata ƙaramar na'ura, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce suganta ya hau sosai. Na ce ai tsohuwa ba ta da ciwon suga, ko shayi ba ta sha. Ya ce mai yiwuwa ya daɗe a ɓoye, mai yiwuwa kuma wahalar zuciyar ce ta tayar da shi.

A baranda ya yi mana bayani, ni da Baba, bai ɓoye komai ba. Ya ce a cikin waɗanda ake kwantarwa da gajiyar zuciya, waɗanda suka fi ba shi tsoro su ne waɗanda sugansu ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ko ya hau ya ƙi sauka, ko ya faɗi ƙasa warwas, don zuciyar da ta gaji ba ta jure ko ɗaya. In aka samu aka riƙe shi a tsakiya, yana sa ran za ta fita da ƙafarta. In ba a samu ba, bai ƙarasa ba, mu ma ba mu ce ya ƙarasa ba.

Aka hana ta gishiri, aka hana ta kanwa, aka hana ta furar da ta fi so a duniya. Kwalbar zumar da Baba ya kawo ranar farko, likita ya ce a kawar, na tura ta ƙarƙashin gado. Aka sa mata ƙwayoyin da ke fitar da ruwa, da allurar suga wadda ake yi dab da cin abinci. Nas ɗin ɗakin mata, wata doguwa mai saurin tafiya da aiki ya yi wa yawa, ta ce mini duk lokacin da abinci ya zo in kira ta. Haka nake yi. Abinci ya zo, in kira ta, ta soka allura, ta ce to a ci, ta wuce ɗaki na gaba.

Da safe ba matsala, kunu ne daga gidana, tsohuwa ta sha tana tsaki don babu zaƙi. Abincin rana ne Baba ya ɗauka a wuyansa. Yana da ɗalibai magidanta masu babur da za su yi rige-rigen kawowa, amma ya ƙi. In ya tashi karatun safe ya yi azahar, sai ya ɗauki kular abincin da kansa, ya rataya buzunsa, ya tako har ƙarshen gari cikin wannan rana. Na san dalili ko da bai faɗa ba. Ranar da mahaifiyata ta cika yana Sabon Birni wajen wata ta'aziyya, ruwa ya cinye hanya, bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Bai taɓa maganar ba, amma tun daga nan ba ya nisa da mara lafiya.

Yakan miƙo mini kular a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya ce a gaishe da Inna, ya ƙarfin jiki. Ita ta ja mayafi har haɓa, ta ce da ni in ce da sauƙi, alhali yana jin ta. Daga nan sai ya zagaya ta baya, ya shimfiɗa buzu a baranda ƙarƙashin tagar da ke kusa da gadonta, ya buɗe Alƙur'ani ya fara karatu a hankali. A tunaninsa ya ba ta wuri, akwai bango a tsakaninsu, ba ya ganin ta. Yana nan har la'asar, ya je ya yi salla ya dawo, sai inuwa ta yi tsawo zai naɗe buzu.

Ni kuma a ciki in buɗe kula, tuwon dawa ɗan kaɗan da miyar kuka lami, ko wake da zogale. Sai ta dubi taga, ta ce in rufe, sai ya huce. Ranar farko na yi dariya, na ce tsohuwa ai yana waje, ba ya ganin ki.

«Ke ja'ira, bango na tare ido, ba shi tare kunne,» in ji ta. «Ina jin muryatai, shi kau shina jin taunata.»

Na ce to bari in gaya masa ya riƙa zuwa bayan la'asar. Matar da ba ta iya ɗaga kofi sai ga ta ta damƙe mini wuyan hannu.

«In kinka hwaɗa mishi ban yahe miki ba. A kori mai karatu don ciki? Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba.»

Na bar ta. Me ke ciki? Abinci ba ya gudu. Da zarar ya tafi takan cinye na rana da sanyinsa, ta ɗora na dare a kai, har ta nemi ƙari. In nas ta tambaya ko tana cin abinci sai in ce ƙwarai kuwa, kula ba ta komawa gida da komai, kuma gaskiya na faɗa. Da safe ake gwada jini, sai a ga suga a sama, likita ya sosa ƙeya ya ƙara ƙarfin allura. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu, kuma babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da na fi tunawa da kwanakin nan shi ne tsakanin azahar da la'asar. Wuta takan ɗauke, fanka ta yi juyi biyu uku ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙudaje, sai kukan kurciya daga fadama, sai muryar Baba tana shigowa ta taga tana hawa tana sauka, ba ta gaggawa. Inuwar ganye tana motsi a jikin bango kamar ruwa a cikin ƙwarya. A wannan lokacin ne tsohuwa take tafiya. Idonta a buɗe, amma ba ɗakin take kallo ba. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, yatsunta su fara rawa a kan zane kamar mai tatsa, sai ta fara magana, rabi Hausa rabi Fillanci, da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba.

Gulbi take gani. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya batse, shanu suna ƙetarewa da asuba, ba abin da ake gani sai ƙaho da hanci a cikin raɓa. Tana ƙirga su da kamanninsu, fara mai karyayyen ƙaho, ja mai taurin kai da ba ta shiga ruwa sai an roƙe ta, baƙar da ta haifi tagwaye. Balbelu suna tashi suna sauka a kan doron takarkari. A kan takarkarin kuma akwai yarinya ƙarama, an ɗaure ta da zane a tsakanin ƙore, tana dariya duk lokacin da ruwa ya taɓa mata ƙafa. Mahaifiyata ce.

Tsohuwa ba ta taɓa yi mini maganar 'yarta ba, ko sunanta ba ta kamawa, 'yar fari ce kuma ita ke nan. Amma a wannan tafiyar komai zuba yake. A nan na ji cewa mahaifiyata tana tsoron kwaɗi, cewa takan yi wa maruƙa waƙa in an raba su da iyayensu, cewa ranar da aka fara kai ta kasuwar Sabon Birni tallar nono ta sayi ɗan madubi, ta yi ta kallon kanta a hanya har ta faɗa rami da ƙwaryar a ka. Wani lokaci sai ta juyo ta dube ni, ta shafa mini fuska da hannunta mai sanyi, ta kira ni da abin da take kiran 'yarta a Fillanci. Ni kuwa in amsa. In kwantar da kaina a gefen katifa, zafi da karatun Baba su yi ta lallaɓa ni, har ni ma in fara jin ƙamshin ciyawa jiƙaƙƙiya da hayaƙin ruga. Ban san iyakar barcina da farkawata ba. Na ga gulbin nan da idona, ko kuwa na yi tsammanin na gan shi, har yau ban tantance ba.

Wata rana ma har mai karatu ya shigo cikin mafarkin. Ta ga wani saurayi siriri kamar kara, ya zo ruga da goro a ƙunshe, karnuka suka biyo shi, ya haye kan turken maruƙa yana riƙe da hularsa. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Da tarin ya lafa ta ce, can ƙasa-ƙasa, yaron kirki ne, a ba shi. A waje karatun bai tsaya ba, ban sani ba ko ya ji.

Matan da ke zuwa dubiya suka fara magana a baranda. Wata ta ce zafi ne, wata ta ce tsufa ne, wata goggon mijina mai baki kamar reza ta ce ai ta fara hangen gida, in mutum ya fara ganin waɗanda suka riga shi sai a fara shirin likkafani. Na ce mata in likkafani take marmari akwai a kasuwa, ta sayi nata. Aka kai ƙarata wajen mijina, ban damu ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ina son tafiye-tafiyen nan na tsohuwa, su ne kaɗai inda nake haɗuwa da uwata, kuma ina tsoron wata rana ta ƙetare gulbin ta ƙi dawowa. Da yamma in ta ci abinci takan dawo garau, ta ce ba ta ce komai ba, sharrina ne.

Sai ranar da aka kawo wata mata daga Kamarawa aka kwantar da ita a gadon da ke kallon namu. Mai sayar da daddawa ce, ƙatuwa, mai murya kamar a kasuwa. Ta daɗe da ciwon suga, yanzu ya ci mata ƙafa, an naɗe ta da bandeji har ƙauri, ba ta iya sauka daga gado. Kafin azahar ta ba ni labarin 'ya'yanta duka da na maƙwabtanta.

Ranar an yi zafi irin wanda ke zuwa kafin ruwan farko, sama ta yi fari fat, iska ta tsaya cik. Baba ya kawo kula, nas ta soka allura, tsohuwa ta ce a rufe sai ya huce. Na ga gumi yana karyo mata fiye da kullum, sai na ce bari in je bakin titi in samo ƙanƙara in jiƙa mata tsumma. Mai ƙanƙarar kusa ya sayar da tasa, sai da na taka har wajen tasha. Ina dawowa ina sauri, ledar tana ɗiga mini a ƙafa, na zagayo ta baranda. Buzu yana nan, Alƙur'ani a rufe a kansa, takalman Baba ɗaya nan ɗaya can. Babu karatu. Muryar matar Kamarawa kawai ke tashi daga ciki.

«Ƙara, Malam. Cikin kumatu za ka goga, kak ka ɗura mata ta shaƙe. Ƙara dai.»

Na tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwa tana kwance a karkace, mayafi ya zame, furfurarta a waje, idanu sun kafe, jikinta sharkaf. Baba yana durƙushe a gaban gadon, kwalbar zuma a buɗe a ƙasa. Hannunsa na hagu ya tallafe mata kai, yatsansa na dama yana cikin bakinta yana gogawa. Fuskarsa kuwa ya juyar da ita gaba ɗaya wajen bango, idonsa a runtse, leɓɓansa suna motsi. Da lalube yake nemo kwalbar ya sake tsoma yatsa.

Daga baya matar ta gaya mini yadda aka yi. Ta ga tsohuwa ta fara sambatu da rawar hannu, ta gane abin nan take, don ita ma ya sha kayar da ita. Ta yi ta kiran nas, ashe nas da likita suna ɗakin haihuwa a kan wata mai naƙuda. Sauran matan ɗakin babu mai iya tashi. Sai ta kwaɗa wa mai karatun bakin taga kira, ba ta san ko wane ne shi ba, ta ce in yana da imani ya shigo, tsohuwa za ta mutu. Ta ce ya zo bakin ƙofa ya tsaya kamar an dasa shi, sai da ta zage shi tas sannan ya shigo.

Na yar da ƙanƙara na ruga ɗakin haihuwa ina ihu. Nas ta zo a guje, ta gwada jini, ta ce innalillahi, ta zuƙo ruwan suga a babban sirinji ta tura ta jijiya. A hankali idon tsohuwa ya fara dawowa, ta yi ajiyar zuciya, ta motsa baki tana lasa. Da na waiga Baba ba ya ɗakin.

Likita ya zo yana goge hannu, ya tambayi me ta ci da rana. Na nuna masa kula a rufe. Ya tambayi jiya fa, shekaranjiya fa. Na gaya masa komai, tun daga taga har tauna. Ya zauna a bakin gadon da ba kowa, ya dafe kai, ya yi wata dariya da babu daɗi a cikinta. Ya ce tasa uwar ma haka take da mijin ƙanwarsa, kuma ko a mafarki bai kawo wannan ba. Allurar tana janye suga daga jini ne don ta ba abinci wuri, in abinci bai zo ba sai ta janye wanda ke riƙe da rai. Duk gulbin nan da shanun nan, in ji shi, yunwar ƙwaƙwalwa ce. Ya ce da an ƙara minti kaɗan, ko kuwa a sake irin wannan rana, zuciyar ba za ta ɗauka ba.

Na samu Baba a masallacin asibiti, zaune, hannunsa na dama a kan gwiwa, bai wanke ba. Na gaya masa abin da likita ya ce, ina ta zagaye-zagaye, amma malami ne, ya riga ni isa ƙarshen zancen.

«Ashe ni na,» ya ce. «Duk kwanakkin ga.»

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya tashi ya naɗe buzunsa ya tafi, ban taɓa ganin bayansa ya ranƙwafa haka ba.

Na ɗauka an gama, tunda an gano. Ashe an fara ne. Da yamma tsohuwa ta juya fuska ga bango, ta ƙi abinci. Da safe ta ƙi kunu. Da azahar wani ɗalibi ne ya kawo kula a babur, baranda babu kowa, taga shiru, na ce to ga shi nan, babu mai jin taunarki, ci. Ko motsi ba ta yi ba. Likita ya ce gaba kura baya sayaki, in ba ta ci ba ba zai iya yi mata allura ba, in bai yi ba suga zai hau, kuma ƙirjinta ya fara cika da ruwa kuma. Na roƙe ta, na yi mata wasa, na ce za ta mutu ta bar mini ƙorenta in sayar. Matar Kamarawa ta yi nata wa'azin daga gadonta. Duk a banza. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata na gaji da kunyar da ke kashe mutane, ita tana kunya a ciki, shi yana kunya a gida, ni ce 'yar banzar da za ta sake binne uwa. Na faɗa ina kuka, ban damu da wanda ke ji ba.

Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

«Wa yas sa min zumuwa baki?»

Matar Kamarawa ta buɗe baki, na watsa mata harara, Allah ya taimake ni ta rufe. Na ce nas ce. Na ƙara da cewa doguwar nan ce mai saurin tafiya, ita ta tarar da ita ta suma. Ina ganin kafaɗar tsohuwa tana hawa tana sauka da numfashi.

«Nas ɗin ga,» ta ce a hankali, «yatsanta na warin tawada.»

Na rasa inda zan sa idona.

«Ki aika a ce mata ta komo ga aikinta. Tagag ga ta yi shiru da yawa. Amma ta zamna kurum hal a hiddo kwano. In ban ji murya ba, ba kowa nan.»

Sannan ta ce in tayar da ita zaune, ta sha kunun safe da ya riga ya yi sanyi, tana yamutsa fuska. Da la'asar na je gida da kaina na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, da nas ɗin da komai, ban rage ko kalma ba. Baba ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce to.

Bari in faɗa tun yanzu, tsohuwa ta fita asibitin nan da ƙafarta, bayan an yi ruwan shuka. Suga ya zauna, kumburi ya saɓe, ta ga wasu damunan bayan wannan, tana zagin miya marar gishiri har ƙarshen ranta. Gulbin ne bai sake zuwa ba. Ban ƙara jin labarin uwata daga bakinta ba, kuma wani lokaci ina kewarsa, ko da na san abin da ya kusa ci.

Washegari da azahar sai ga shi da kula. Bai zo bakin ƙofa ba, bai ce a gaishe da kowa ba, ya ajiye ta a kan dakali ya zagaya baya. Na leƙa ta taga na gan shi a kan buzu, Alƙur'ani a rufe a cinyarsa, ko tari ba ya yi. Nas ta soka allura. Na buɗe kula, tsohuwa ta wanke hannu, ta dubi taga sau ɗaya, ta sa hannu a tuwo. A hankali ta ci, loma bayan loma, ɗakin duka ya yi tsit, har matar Kamarawa. Da ta suɗe yatsa na ɗauki kular na zagaya na ajiye a gefen buzu. Baba ya jawo ta, ya karkata ta wajen haske ya duba har gindinta. Na ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Ya buɗe Alƙur'ani ya fara, amma muryar ta ƙi fita, sai rawa take.

Na koma ciki na tarar ta jingina da filo, ta ja mayafi har haɓa, ta karkata kunne wajen taga.

«Ja'ira,» ta ce, «ce ma nas ɗin ta ɗaga murya. Ban ji.»